Buzuzun da Baba Ya Kiwata

Baba ya iso gidana a Gummi ana tsakiyar bazara, a bayan babur ɗin wani ɗan kabu-kabu. Tabarma ɗaya ce a hannunsa, sai buta, sai kayan sawarsa a cikin tsohon buhun takin zamani. Abin da ya iya fitowa da shi ke nan daga ƙauyen da ya tsufa a cikinsa. Ƙauyenmu ƙarami ne, a ƙasar Bukkuyum yake, kusa da daji. Sau uku ɓarayin daji suka shigo mana a shekarar. A zuwa na ukun suka kwashe dabbobin garin kaf, har da shanun huɗar Baba guda biyu, suka ce kowa ya san inda dare ya yi masa. Inna ta rasu shekara biyu kafin wannan. Ƙanena kuwa yana can wajen Anka a ramukan zinariya, sai a yi wata ba a ji muryarsa ba. Ni kaɗai na rage masa da zai iya zuwa wurinta.

Ina koyarwa a firamare a lokacin. Maigidana tela ne a bakin kasuwa. Gidan haya muke, ɗaki biyu, tsakar gida ɗaya da wata maƙwabciya da iyalinta. Muka kwashe hatsi daga ƙaramin ɗakin da ke kusa da ƙofa, muka shimfiɗa wa Baba. Ina da ciki wata uku, kuma kafin wannan na yi ɓari sau biyu, don haka ko tsani ba na takawa, ko bokitin ruwa ba a bari in ɗauka.

Wanda bai san irin su Baba ba, ba zai gane nauyin zama a gidan suruki ba. Maigidana bai taɓa nuna masa komai ba sai girmamawa, yana durƙusawa ya gaishe shi safe da yamma. Amma duk gaisuwar nan kamar ƙara masa kaya take yi. In na kai masa tuwo sai ya ci loma uku ya ture kwanon. Ya je masallaci, ya dawo, ya zauna a bakin ɗaki ya jingina da bango, ya ajiye hannuwansa a kan gwiwoyi. Hannuwan ne suka fi damuna. Tun da na yi wayo ban taɓa ganinsu a ajiye ba. Ko dai igiya yake tufkawa, ko yana dama dusa da kanwa, ko yana cire kaska daga kunnen shanunsa. Yanzu ga su kwance kamar na wani. Ya yi kusan wata ɗaya a haka, kuma bai ce komai ba game da ranar da aka kwashe shanun.

Wata safiya mai gidan da muke haya ya aiko aka zo kwashe jujin bayan gida za a kai gona. Ana haƙa ana loda wa amalanke, kajin maƙwabciyata suka taru suna wawar gwazarma, manyan fararen tsutsotsin nan masu jan kai da ke kwance a ƙarƙashin taki. Ina tsaye ina shanya, sai na ga Baba ya miƙe, ya tafi wurin, ya kore kajin da gefen rigarsa. Ya durƙusa ya tsince guda uku ya riƙe a tafin hannu. Ya dawo ya tambaye ni ko akwai tukunyar da ba na amfani da ita.

Na ba shi wata tsohuwar tukunyar ƙasa da bakinta ya ɓantare. Ya cika ta da takin, ya binne su a ciki, ya yayyafa ruwa daga butarsa. Na ce masa tsutsa ce fa, me zai yi da ita.

Ya ce, "Ke Malama, boko bai hwaɗa muku ba? Wagga ba nan za ta tsaya ba. Bari ki gani."

Malama yake kirana tun ranar da na fara aiki, rabi wasa rabi alfahari. Rabon da in ji ya kira ni haka tun kafin ya zo.

Daga ranar ya samu abin yi. Da hantsi ya yayyafa ruwa, da la'asar ya ƙara. Ya janye tukunyar daga rana, ya bi inuwar katanga da ita. Yakan tura yatsa cikin takin ya ji danshinsa, in ya bushe ya yi tsaki kamar an yi masa laifi. Biyu suka mutu, suka yi baƙi, ya fito da su ya binne a gindin katanga. Ta ukun ta dunƙule ƙasa ta shige ciki, ta zama kamar ƙwan zabo na laka. Na ce ita ma ta mutu. Ya ce ba ta mutu ba, aiki take yi, a ƙyale ta. Makonni suka wuce ba abin da ya motsa a tukunyar, shi kuma bai fasa yayyafinsa ba.

Kwana biyu bayan ruwan farko, na dawo daga makaranta na iske shi yana jirana a bakin ƙofa. Bai bari na cire hijabi ba. Ya buɗe hannunsa. Buzuzu ne, ya kai tsawon babban yatsana, baƙi mai ɗan ja-ja, bayansa na sheƙi kamar an shafa masa mai. A goshinsa akwai ƙaho ɗaya da ya lanƙwasa baya. Yana takawa a hankali a kan tafin Baba, ƙafafunsa masu ƙaya suna maƙalewa a kantar hannun.

Ya ce, "Dubi ƙahon nan. Bajimi na."

Ranar ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙarin miya.

Ba zan ce ina son ƙwaron ba. Warin taki yake yi, kuma in magariba ta yi yakan buɗe fiffike ya tashi da ƙugi, ya yi ta dukan tsohuwar rariyar da Baba ya kife a bakin tukunyar ya danne da dutse. Amma na ga abin da ya yi wa Baba. Mutumin da ba ya wuce masallaci ya fara zuwa kasuwa da ƙafarsa, ya tsaya wurin masu rake ya roƙi gutsattsarin da suke yarwa. Ya dawo ya tsaga da wuƙa, ya ajiye wa buzuzun a kan takin. Ya gwada masa mangwaron da ya nuna luguf, ya gwada ayaba, ya gwada tuwo. Ya zo ya ba ni labari cewa tuwo bai karɓe shi ba, rake ya fi so, kuma da rana ba ya cin komai, sai ya nutse cikin taki ya kwanta. Yana yi masa irin ƙaramin saƙ-saƙ ɗin harshen da yake yi wa shanu in zai ba su harawa. In ƙwaron ya kife a bayansa yana wutsil-wutsil, sai ya sa tsinke ya birkito shi, yana yi masa faɗa a hankali.

A gaban tukunyar nan ya ba ni labarin shanun. Da la'asar ce, ina tsince wake a faifai, shi yana goge wa buzuzun baya da ɗan tsumma. Ban tambaye shi ba, kuma bai dube ni ba har ya gama. Ya ce da ɓarayin suka shigo gidan, sun kwance shanun daga turke, amma shanun suka ƙi tafiya. Suka ja, suka doka, ko gezau. Shi ya raine su tun suna maruƙa, ba su san muryar kowa ba sai tasa. Sai ɗaya daga cikin ɓarayin, wanda Baba ya ce ko gemu bai fara ba, ya ɗora masa bindiga a kafaɗa ya ce ya shige gaba. Baba ya shige gaba, shanun suka bi shi. Ya ratsa da su ta tsakiyar gari, ta gefen gonarsa, har bakin daji. Can aka ce ya juya ya koma. Da ya juya, shanun ma suka juyo.

Ya ce, "Sai da nis sa sanda nib buge su ga hanci, sannan sunka tahi. Ni nik kai su, ni nik kore su."

Ya mayar da buzuzun cikin tukunya, ya kife rariyar, ya tashi ya yi alwala. Ni kuma na zauna da faifai a cinya, na kasa bambance wake da tsakuwa.

Magana ta fara ne daga tsakar gida. Maƙwabciyata ba muguwar mace ba ce, amma bakinta ba ya riƙe abu. Ta gaya wa masu zuwa sayen ƙuli-ƙuli a wurinta cewa tsohon nan yana hira da ƙwaro. Kafin mako biyu labarin ya canza kama. Wasu suka ce firgicin ɓarayi ne ya taɓa masa kai. Wasu suka ce ba banza ba, mutanen ƙauye suna da abubuwansu, ba wanda zai yi wa ƙwaro hidima haka sai in wani aiki aka ba shi. Maigidana ya dawo wata rana ya gaya mini, murya ƙasa-ƙasa, cewa an tambaye shi a shago ko gaskiya ne surukinsa ya zautu. Ya ce shi bai damu ba, a bar Baba da abinsa. Amma na ga ya damu. Ni ma a makaranta wata abokiyar aikina ta tambaye ni jikin Baba da irin muryar da ake tambayar mai taɓin hankali.

Na yi ƙoƙarin yi masa magana sau ɗaya. Na ce ko zai saki buzuzun tunda ya girma. Ya ce in ya sake shi a cikin gari, fitilar wani zai faɗa wa, yara su ɗaure masa zare a ƙafa su yi ta wasa da shi har ƙafar ta cire. Ya ce ai ba daɗewa suke yi ba, in damina ta yi nisa da kansa zai mutu, a bar shi ya cika kwanansa. Ban sake tayar da zancen ba.

Ina cikin wata na shida na tashi da safe na ga jini. Ba mai yawa ba ne, amma haka ɓarina na biyu ya fara. Aka kai ni asibiti, suka duba suka ce abin cikin yana nan da ransa, in je in kwanta in huta. Da muka dawo gida na tarar da uwar mijina ta zo. Ta zauna a bakin gadona, ta tofa mini addu'a, sannan ta rage murya. Ta ce ita ba ta ce komai game da mahaifina ba, dattijo ne, amma ba a ajiye irin wannan abu a gidan da mai ciki take. Ta ce ba a san abin da ke shiga jikin irin waɗannan halittu ba, baƙin abu mai ƙaho da ke tashi da magariba. Ta ce na rasa biyu, in yi tunani.

Na yi karatu. Ina koya wa yara yadda tsutsa ke zama ƙwaro, har zane nake yi musu a allo. Na san buzuzu ba ya zubar da ciki, kuma na san biyun farko sun zube tun Baba yana ƙauye da shanunsa. Duk na san wannan. Amma kwana uku ina kwance ina kallon rufi, duk motsin da cikina ya yi sai gabana ya faɗi, kuma duk magariba sai in ji ƙugin nan yana dukan rariya ta bayan bango. A rana ta uku ji nake kamar a cikin marata yake bugawa.

Ranar Juma'a ce. Maza duk sun tafi masallaci, maƙwabciyata tana wanka. Na tashi, na je ɗakin Baba, na ɗauke dutsen da rariyar. Tukunyar ta fi nauyin abin da aka ce in ɗauka, amma na ɗauka. Na kai ta bayan gida na kife. Niyyata buzuzun ya tashi ya tafi abinsa. Ban tuna cewa da rana ba ya tashi ba, ko da yake Baba ya gaya mini. Takin ya watse, buzuzun ya faɗo a bayansa, ƙafafu sama, rana ta dake shi. Kafin in sami tsinke kajin sun iso. Kazar farko ta sare shi bakinta ya zame, don bayan da tauri. Zakaran ne ya taka shi da ƙafa ya fasa cikin. Ina tsaye ina kallo. Ko "kur" ban ce musu ba.

Na tattara takin na mayar cikin tukunya, na kai ta inda take, na kife rariyar a karkace yadda za a ce ya sami kafa ya fice. Na koma na kwanta.

Da Baba ya dawo na ji shi ya shiga ɗaki. Na ji ƙarar dutsen da ya ajiye a ƙasa.  Can na ji takunsa ya nufi bayan gida. Da ya dawo ya yi sallama a bakin ƙofata, abin da ba ya yi in ina kwance. Na fito. Ya buɗe hannunsa: kan buzuzun ne da ƙahon, da ɓawon fiffike ɗaya. Na fara cewa wataƙila rariyar ce ta goce. Ya dube ni, na bar ƙaryar a nan.

Ya ce, "An ce shi na ka taɓa maki ciki?"

Na ce an faɗa.

Ya jinjina kai. "To ai ɗanki ya hi. Amma da kin hwaɗa min, da ni kai shi daji da kaina. Na iya."

Bai ƙara tayar da zancen ba, a ranar ko bayanta. Bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi. Ya ci gaba da amsa gaisuwata, yana tambayar jikina, yana yi mini addu'a. Ya zubar da takin, ya wanke tukunyar tas, ya kawo mini har madafa ya ce ga kayana. Abincinsa ya koma loma uku.

Bayan kwana goma ya ce zai koma gida. Ya ji a masallaci cewa wasu tsofaffi huɗu sun koma ƙauyen, ɓarayin ba su kula su ba tunda ba abin da za a ƙwata a hannunsu. Ya ce gero ya wuce shi, amma wake bai wuce ba, kuma gona ba ta kwana biyu babu mai ita ba tare da ta zama daji ba. Maigidana ya durƙusa ya roƙe shi. Na yi kuka, na ce in don abin da na yi ne ya yafe mini, zan sa a tono masa wasu gwazarmar ko guda nawa yake so. Ya yi ɗan murmushi ya ce ba ƙwaro ne ya kawo shi ba, ba kuma ƙwaro ne zai mayar da shi ba. Zama ne ya ishe shi. Har yau ban san ko gaskiyarsa ya faɗa ba ko sauƙaƙa mini yake yi. Na auna masa waken iri, na ƙulla masa gari da ƙuli-ƙuli da maganin zazzaɓi. Ya tafi da safe, bayan ruwa ya ɗauke. Ya ce in na sauka in aika masa.

Babu hanyar waya a ƙauyen, ƙarfen sabis ɗin yankin ya daɗe da daina aiki. Labarinsa sai ta bakin masu babur da ke kasadar bin hanyar ranar kasuwa. Aka ce ya share rabin gonar da fartanya, shi kaɗai. Aka ce yana kwana a ɗakin Inna don nasa rufin ya rufta. Aka ce waken ya yi kyau.

Na haihu farkon kaka, mace, lafiyayya. Ranar suna uwar mijina ta ɗauki jaririyar tana yi mata rawa, ta ce wa matan da ke zaune ai tun da aka fitar da abin nan daga gidan jini bai sake zuwa ba. Matan suka ce ikon Allah. Ina zaune a gado ina jinsu. Na aika wa Baba ta hannun wani mai babur. Ya aiko da tiya biyu ta sabon wake da saƙon cewa in ya gama ɗaurin harawa zai zo ya ga amaryarsa.

Zazzaɓi ya kama shi kafin ya gama. A makon nan ɓarayi suka tare hanyar, ba mai shiga ba mai fita. Ya yi kwana shida a kwance, tsofaffin nan suna dafa masa ganye, don maganin da na ba shi ya riga ya raba wa wasu. Su huɗu suka yi masa wanka, suka sallace shi, suka haƙa kabarin da kansu a hankali, wai sai da suka wuni. Labarin bai iso mu ba sai bayan kwana tara.

Muka yi zaman makoki a Gummi, kwana uku, a gidan da ba a fitar da gawa ba. Ƙanena ya zo daga Anka a rana ta biyu, ya rame, farcensa duk jar ƙasa. Da mutane suka ragu ya same ni a ɗaki, ya tambaye ni abin da ya sa Baba ya koma, ko wani abu aka yi masa a gidan nan. Maigidana ya gaya wa kowa cewa kewar gona ce. Da na so, da na bar shi a haka. Na gaya masa duka, tun daga juji har zakara. Da na ambaci buzuzu ya yi 'yar dariya, yana tsammanin wasa nake. Da na ci gaba ya daina. Ya daɗe yana kallon jaririyar a cinyata, sannan ya ce shi ma ai wata biyar bai kira ba, don haka ba shi da bakin magana. Washegari ya koma bakin aikinsa.

Yarinyar ta shiga makaranta bana. Hanyar ƙauyenmu har yanzu wata rana a bi, wata rana a ƙi. Biyu daga cikin tsofaffin da suka binne Baba sun rasu, ɗaya ya koma wurin 'ya'yansa a Bukkuyum. Na je na same shi bara, ya kwatanta mini inda kabarin yake: gabas da tsohuwar rijiya, kabari na uku daga gindin aduwa. Na rubuta a takarda na ajiye. Ban je ba tukuna.